Kare Yara Daga Cin Zarafi a Ikilisiya: Jagora Ga Fastoci, Dattawa da Malaman Lahadi a Jos

A Jos, garin da ke ɗauke da hedikwatar ƙungiyoyin ikilisiya na COCIN da ECWA da TEKAN, ga kuma manyan dayosis na Katolika da na Angilikan, da wuya a sami wurin da yara ke shafe lokaci a hannun manya, in ban da gida da makaranta, kamar ikilisiya. Akwai makarantar Lahadi da ajin baftisma, da koyon waƙa da yamma, da faretin Birged na maza da na mata, da sansanin hutu, da addu'ar dare. Iyaye suna sakin 'ya'yansu zuwa waɗannan wurare hankali kwance, kuma wannan amincewar ce mai mugun nufi yake nema.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya nuna cewa yara 6 cikin 10 a Nijeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Yarinya 1 cikin 4 da yaro namiji 1 cikin 10 an yi lalata da su ko an yi yunƙurin hakan, akasari daga mutanen da suka sani, kuma waɗanda suka sami taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Ikilisiyar da ke tara ɗaruruwan yara kowace Lahadi ba ta da hujjar ɗauka cewa waɗannan alƙaluma sun tsaya a bakin ƙofarta. Abin da wannan jagora ta ginu a kai shi ne cewa cin zarafin yaro zunubi ne, kuma laifi ne a gaban doka: ikilisiya tana da aiki a kan zunubin, amma ba ta da ikon kashe maganar laifin a ofishin fasto.

Mataki na farko: majalisa ta yanke shawara tun ba a sami matsala ba

Ranar da aka kawo ƙara a kan wani dattijo mai faɗa a ji, ko ɗan mutumin da ya rufa wa majami'a kwano, ba ranar da za a iya tsara ƙa'ida cikin adalci ba ce, domin kowa zai riƙa kallon fuska. Saboda haka majalisar ikilisiya ta zauna tun ana zaman lafiya ta amince da rubutacciyar ƙa'ida, shafi biyu ko uku, da Hausa da Turanci. Ta bayyana cewa yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba, kamar yadda Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanada, wadda Jihar Filato ta mayar da ita dokar jiha a 2005. Ta lissafa abin da ake nufi da cin zarafi, wato lalata da taɓa jiki ta hanyar da ba ta dace ba, nuna wa yaro hotunan batsa, dukan da ke yin rauni, zagi da tsoratarwa, hana abinci ko magani, da aikin da ya fi ƙarfin yaro. Ta kuma faɗi ƙarara cewa duk zargin lalata ko mummunan duka za a kai shi ga hukuma, ko wane ne ake zargi.

Sai a naɗa mutum biyu, mace da namiji, su zama masu kula da kariyar yara. Zai fi kyau a duba cikin jama'a a zaɓi ma'aikaciyar jinya, ko malamin makaranta, ko lauya, ko jami'in walwalar jama'a. Kada ɗayansu ya kasance fasto ko matarsa ko ɗan'uwansa na jini, ba don ana zarginsu ba, sai don a sami ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan ƙarar ta shafi gidan fasto. A ba su damar kai magana kai tsaye ga hukuma da kuma ofishin da ke sama, kamar majalisar ikilisiyoyin gunduma (DCC) a ECWA ko ta yanki (RCC) a COCIN, ba tare da jiran izinin kowa ba. Cocin Katolika ta ɗauki irin wannan hanya a 2019, lokacin da Fafaroma Francis ya wajabta wa kowane dayosis samar da hanyar kai ƙara da jama'a za su iya amfani da ita cikin sauƙi. A karanta ƙa'idar daga bagadi, a gabatar da mutanen biyu ga yara ido da ido, a liƙa lambobin wayarsu a allon sanarwa da ƙofar ajin Lahadi.

Mataki na biyu: a tantance duk wanda zai yi aiki da yara

Ƙarancin ma'aikata yakan sa a karɓi duk wanda ya ɗaga hannu. A daina. Mai son koyar da yara ya cika fom, ya kawo katin shaida na ƙasa, ya ba da sunayen mutum biyu da ba danginsa ba, ya kuma shafe aƙalla wata shida ana ganin zamansa a ikilisiyar. Idan daga wata ikilisiya ya zo, takardar shaida kaɗai ba ta isa ba. A kira faston da ya baro a tambaye shi kai tsaye ko an taɓa kawo ƙorafi a kansa game da yara, kuma ko zai yarda ya bar shi da nasa 'ya'yan. Hukumar yaƙi da fataucin mutane ta ƙasa, wato NAPTIP, ta buɗe kundin sunayen masu laifin lalata na ƙasa a Nuwamban 2019, kuma ya dace a duba shi, sai dai rashin ganin suna a ciki ba wanki ba ne, tun da mafi yawan irin waɗannan laifuffuka ba sa kaiwa kotu. Wannan tantancewa ta haɗa da maigadi da direban motar ikilisiya da mai koyar da kiɗa da ɗalibin makarantar tauhidi da aka turo koyon aiki, kuma fasto ya fara miƙa kansa domin kada kowa ya ce an raina shi.

Mataki na uku: a toshe damar keɓewa da yaro

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙa'idar da ta fi kowace amfani ita ce kada babba ɗaya ya keɓe da yaro ɗaya a inda ba a ganinsu, kuma kowane aji ya kasance da manya biyu waɗanda ba mata da miji ba.

Masu kula da kariyar yara su zagaya harabar majami'a da ƙafa, sau ɗaya da safiyar Lahadi, sau ɗaya da magariba bayan koyon waƙa. Su duba sito inda ake ajiye ganguna da kujeru, wanda sau da yawa makullinsa yana hannun mutum ɗaya. Su duba ɗakin janareta, da ginin da aka fara ba a gama ba a bayan majami'a, da ban-ɗakin da ke can jikin katanga inda yarinya 'yar shekara shida ke zuwa ita kaɗai ana tsakiyar wa'azi, ga lasifika na ƙara ba mai jin kukanta. Gyaran ba shi da tsada: a sa fitila, a cire sakata daga cikin ɗakunan ajiya, a buɗe taga ko a sa gilashi a ƙofar ofis, a sa mace babba ta riƙa raka ƙananan yara rukuni-rukuni. Fasto idan zai ba yaro shawara ko ya yi masa addu'a, ya bar ƙofa a buɗe, wani babba yana zaune inda zai hango su.

A sansanin hutu da taron da ake kwana, a raba makwancin maza da na mata, manya biyu su kwana a bakin kowane ɗaki, kada babba ya haɗa shimfiɗa da yaron da ba nasa ba, ko da sanyin Jos ya kai inda ya kai. A rubuta sunan wanda ya kawo yaro da wanda zai ɗauke shi. Ma'aikaci ba ya ɗaukar yaro shi kaɗai a mota ko babur, ba ya aiken yarinya ɗakinsa ta yi masa shara ko girki, ba ya kuma yin hira da yaro a asirce ta WhatsApp. Duk saƙo ya bi ta hannun iyaye ko ta zauren da wani babba yake ciki.

Mataki na huɗu: a koyar da manya da yara

Mai lalata da yara ba kasafai yake faɗa wa yaro da ƙarfi a karon farko ba. Yakan fara da sayen zuciyar iyaye, ya zama mai taimako, mai biyan kuɗin makaranta, wanda ake kira Kawu ko Baba a gidan. Daga nan ya ware yaro ɗaya da kyauta da yabo, ya saba masa da taɓa jiki da wasa, ya ɗora masa ƙananan asirai domin ya gwada ko zai yi shiru, sannan ya tsorata shi da cewa ba wanda zai yarda da shi, ko kuwa Allah zai yi fushi da wanda ya tona asirin bawansa. Malaman Lahadi da Zumuntar Mata da iyaye su san wannan tsari, su kuma lura da yaron da ya sauya farat ɗaya: ya daina magana, ya koma fitsarin kwance, yana gudun wani mutum, yana da kuɗi ko waya da ba a san tushensu ba, ko yana furta maganganun da suka girmi shekarunsa. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma dalili ce na matsowa kusa.

Su kuwa yara, a koya musu da harshe mai sauƙi cewa sassan jikin da kamfai ke rufewa ba na kowa ba ne, cewa suna da ikon cewa a'a ko da ga fasto ko malami, kuma duk asirin da ke sa su tsoro dole ne a faɗa wa Mama ko wani babba, in bai saurara ba a faɗa wa wani. Muna yawan koya musu biyayya ga manya, hakan kuwa daidai ne, amma biyayyar da ba a sa mata iyaka ba takan zama makami a hannun mugu.

Akwai yaran da suka fi shiga haɗari a Filato, kuma ya kamata a san su da suna. Akwai 'yan gudun hijira daga Mangu da Bokkos da Barkin Ladi da Riyom da Bassa, waɗanda wasunsu suka fake a majami'u da makarantu ba tare da iyaye ba. Akwai 'yan matan da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta aka mayar da su 'yan aiki a gidajen membobi. Akwai marayu da naƙasassu. Duk wanda ya zo da sunan taimako yana neman a ba shi yara ya kai su wata jiha, a sanar da NAPTIP ko Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha kafin a sake masa yaro ko ɗaya. Haka nan ikilisiya ta haramta ɗora wa yaro maita, da dukansa ko ɗaure shi ko tilasta masa azumi da sunan fitar da aljanu. Wannan azabtarwa ce, ko da an yi ta ana rera waƙar yabo.

Mataki na biyar: idan yaro ya buɗe baki

Yaro ba ya zuwa da shiryayyen jawabi. Yarinya za ta iya tsayawa bayan an tashi aji tana murza bakin zaninta, ta ce, "Mama, in na faɗa miki wani abu ba za ki gaya wa kowa ba?" Malamar ta ajiye abin da ke hannunta, ta zauna daidai da tsayin yarinyar a inda ake hango su amma ba a jin su, ta ce, "Ɗiyata, ina jin ki. Ba zan baza maganarki ba, amma idan wani yana cutar da ke, dole in gaya wa waɗanda za su kare ki, kuma zan faɗa miki ko su wane ne." Kada ta yi alkawarin da ba za ta iya cikawa ba.

Ta daure ta riƙe fuskarta, domin ihu da ɗora hannu a ka suna sa yaro ya ga kamar ya jawo masifa, ya janye maganarsa. Ta bar yarinyar ta faɗi abin da bakinta, tambayarta kada ta wuce "sai me ya faru?" Kada ta sa mata suna a baki, kada ta ce "me ya kai ki ɗakinsa?" ko "me ya sa ba ki faɗa tun da wuri ba?", domin amsar da yaro ke ji a cikin irin waɗannan tambayoyi ita ce laifinsa ne. Ta faɗa mata abu uku a fili: na yarda da ke, ba laifinki ba ne, kin yi daidai da kika faɗa. Nan take ta rubuta maganar da kalmomin yarinyar, da rana da lokaci, ta sa hannu, ta miƙa wa mai kula da kariyar yara a ranar. Kada a jera yarinyar gaban fasto, sannan dattawa, sannan shugabar mata tana maimaita labarin, kuma ko kusa kada a haɗa ta gaba da gaba da wanda take zargi. Idan wanda ake zargin a gidansu yake, kada a mayar da ita can sai an yi magana da jami'an walwalar jama'a.

Mataki na shida: asibiti da hukuma, ba tare da jinkiri ba

Idan an yi lalata da yaro, lokaci yana da tsada. Maganin da ke hana kamuwa da ƙwayar HIV dole ne a fara shi cikin awa 72, a sha har kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki ne cikin kwana 5. A asibiti kuma za a duba rauni da sauran cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, a rubuta rahoton likita wanda kotu za ta buƙata. A Jos akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, a Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da asibitin koyarwa na Bingham da aka fi sani da Jankwano. In da hali kada a yi wa yaron wanka ko a wanke tufafinsa. A naɗe su cikin takarda mai tsabta, ba leda ba. In kuwa an riga an yi wanka, ko kwanaki sun shuɗe, duk da haka a je.

Sannan a kai rahoto ga 'yan sanda, a nemi jami'an da ke kula da ƙararrakin mata da yara, a kuma sanar da Ma'aikatar Harkokin Mata. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa suna taimakawa wajen bin shari'a. Dokar 2003 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya sadu da yaro, kuma ta ce ba hujja ba ce ya ce yaron ya yarda ko ya ɗauka ya kai shekara 18. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wato VAPP, ta amince cewa namiji ma ana yi masa fyaɗe. Wani daga ikilisiya ya raka iyalin duk inda za su, kuma a ɗauki kuɗin mota da na magani daga asusun taimako, domin talauci ne ke sa iyaye da yawa su janye ƙara.

Mataki na bakwai: wanda ake zargi, da masu zuwa biko

A dakatar da shi daga duk wani aiki da ya shafi yara da hawa bagadi har a gama bincike. Wannan ba yanke hukunci ba ne, kuma yana da haƙƙin a saurare shi a inda ya dace, a kuma ba shi da iyalinsa mai kula da su dabam da wanda ke kula da yaron. Amma bincike aikin hukuma ne, dattawa ba su da horo ko ikon yinsa.

Daga nan matsin lamba zai fara. Za a zo da dare a durƙusa a ce, "Baba Rabaran, a rufa mana asiri, aikin Shaiɗan ne, a bar maganar a cikin gida." Za a kawo kuɗi ga iyayen, wani ma ya ba da shawarar a aura masa yarinyar. Za a jawo Matta 18 a ce ɗan'uwa ake fara samu a keɓe, alhali wannan koyarwa ta shafi saɓani tsakanin 'yan'uwa ne, kuma a farkon surar ce Yesu ya ce wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe, gara a rataya masa dutsen niƙa a wuya a nutsar da shi a teku. Romawa 13 kuma ta ce hukuma ma'aikaciyar Allah ce domin hukunta mai mugunta. Horon ikilisiya, wato hana Jibin Ubangiji da zama a kujerar baya, yana da muhallinsa, amma ba ya maye gurbin kotu.

Mafi muni shi ne a yi wa mutum canjin wurin aiki a asirce zuwa wata ikilisiyar ƙauye. A Ingila, shugabannin wasu sansanonin matasa na Kirista sun san tun 1982 cewa wani lauya mai suna John Smyth yana azabtar da samari, ba su kai shi ga 'yan sanda ba. Ya koma Zimbabuwe a 1984 ya ci gaba da cutar da wasu yaran. Lokacin da rahoton binciken ya fito a Nuwamban 2024, sai da Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya yi murabus. Sunan cocin da aka so karewa bai tsira ba, kuma 'ya'yan Afirka ne suka biya farashin wannan shiru.

Mataki na takwas: a tsaya tare da wanda aka cuta har ƙarshe

Littafin Sama'ila na biyu, sura 13, ya ba da labarin Tamar, wadda ɗan'uwanta Amnon ya yi wa fyaɗe. Ɗan'uwanta Absalom ya ce mata ta yi shiru, mahaifinsu Dawuda ya husata amma bai ɗauki mataki ba, ita kuwa ta zauna a kaɗaice cikin baƙin ciki. Ya kamata a yi wa'azi a kan wannan sura, domin akwai masu zama a kujerun majami'a da labarin nasu ne.

A kare sunan yaron: ba a ambatonsa a roƙon addu'a, ko taron mata, ko zauren WhatsApp. Kada a cire yarinya daga ƙungiyar mawaƙa ko a sa ta a horo don ta yi ciki ta hanyar fyaɗe, kuma a tabbata ta ci gaba da karatu. Kada a matsa mata ta yafe. Gafara tana zuwa a lokacinta, ba a karɓarta da tilas a gaban taro, kuma ko ta yafe, hakan bai janye ƙara ba, bai kuma wajabta mata sake zama kusa da mutumin ba. Addu'a tana da muhimmanci, amma yaron da ke firgita cikin barci ko yake maganar kashe kansa yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa ko ƙwararren mai ba da shawara, kuma JUTH tana da sashen da ke wannan aiki. A ware mace ko namiji ɗaya mai riƙon amana da zai riƙa leƙa iyalin bayan wata shida, bayan shekara, lokacin da kowa ya manta, shari'a kuma tana ta ɗagewa. Idan babba ya zo da labarin abin da aka yi masa shekara ashirin da suka wuce, a saurare shi da irin wannan nutsuwa, a bar shi ya zaɓi abin da yake so a yi, sai dai idan mutumin da ya ambata har yanzu yana tare da yara, dole a ɗauki matakin kare su.

Mataki na tara: idan mai laifi ya dawo, da bitar shekara

Wanda ya gama zaman kurkuku yana iya neman komawa sujada, kuma bishara ba ta rufe masa ƙofa ba. Amma ya sa hannu a yarjejeniya cewa ba zai sake riƙe wani muƙami ko aiki da yara ba har abada, zai zauna tare da dattijon da aka haɗa shi da shi, ba zai kusanci ajin Lahadi ko sansani ba. Idan wanda aka cuta yana cikin wannan ikilisiya, mai laifin ne zai nemi wata, kuma a sanar da shugabanninta gaskiyar lamarin a rubuce. Wanda ya tuba da gaske ba ya jayayya da waɗannan sharuɗɗa.

Sau ɗaya a shekara, majalisa ta sa batun a ajandarta: a sake horar da malamai, a tantance sababbi, a sabunta lambobin waya, a sake zagaya haraba, a kuma tambayi yaran da kansu wane wuri ne suke jin tsoro a cikin majami'ar. Takardun ƙorafi a ajiye su a akwati mai makulli a hannun masu kula da kariyar yara, a miƙa su hannu da hannu ga waɗanda suka gaje su, domin kada canjin fasto ya shafe abin da aka sani game da wani.